Shin sai an iya zaman padmasana kafin a fara riƙe numfashi a yoga?

Mai horarwa: Jama'a, ina nan a kan bakana. Wanda bai iya padmasana ba, wato ɗora kowace ƙafa a kan ɗaya cinyar, kada ya soma kumbhaka, wato riƙe numfashi. Wannan zaman ne ke kafa gwiwoyi a ƙasa, ya kulle ƙugu, baya ya miƙe. Ko jiri ya taso ana tsakiyar riƙewa, mutum ba zai kife ba.

Likitan gashin ƙashi: Malam, wannan sharaɗin naka zai lalata gwiwoyin mutane. Aikin gwiwa lanƙwashewa da miƙewa ne, juyinta kaɗan ne. Juyin da padmasana ke nema daga gaɓar ƙugu yake fitowa. In ƙugu ya ƙi, aka ja ƙafar da hannu, guringuntsin da ke gefen ciki na gwiwa ne ke matsewa, har ya kan tsage. A ninka bargo ya kai santimita 10, a zauna a bakinsa a harɗe ƙafa, ƙugu ya ɗara gwiwa tudu. Baya zai miƙe da kansa.

Mai nazari: Littafin Hatha Yoga Pradipika, wanda Svatmarama ya rubuta a Indiya a ƙarni na 15, ya fifita zama huɗu: siddhasana, padmasana, simhasana da bhadrasana. Siddhasana ya ɗora a gaba, inda ake dafe dunduniya a matsematsi. Patanjali kuwa, marubucin littafin Yoga Sutra, sharaɗi biyu ya gindaya wa zama, ya tabbata kuma ya yi daɗi.

Mai horarwa: Na yarda da siddhasana. Bargo dai ban yarda ba, zamewa yake yi.

Malamar jinya: Malam, jirin da ka ambata ne ya fi damuna. In jiri ya zo, an riga an wuce gona da iri, zama ba zai gyara ba. Ƙa'idar 1:4:2, shaƙa daƙiƙa 4, riƙewa 16, fitarwa 8, ba ta sabon shiga ba ce. A fara da shaƙa 4, fitarwa 4, har a kai fitarwa 8 ba tare da riƙewa ba. Bayan makonni a saka riƙewa ta daƙiƙa 2 zuwa 4. Ma'aunin shi ne numfashin da ke biye: in ya zo da haki, a rage. Kuma kada a yi ta numfashi da sauri kafin riƙewa. Taruwar iskar kabon dayoksaid ce ke tilasta wa mutum numfasawa. In an zubar da ita, oksijin na iya yin ƙasa har a suma ba gargaɗi. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko farfaɗiya, da mai juna biyu, su bar riƙewa sam.

Mai nazari: Svatmarama ma ya ce a horar da numfashi sannu a hankali kamar yadda ake horar da zaki ko giwa, ya kuma lissafa shaƙuwa, tari, asma da ciwon kai cikin illolin yin sa ba daidai ba.

Mai horarwa: To ina za a kafa ido? Ni ƙarshen hanci nake koyarwa.

Likitan gashin ƙashi: Kallon ƙarshen hanci yana karkato idanu biyu ciki, tsokokinsu su gaji, kai ya ɗauki ciwo. Sabon shiga ya sauke ido a ƙasa, kamar mita ɗaya gabansa. In zai gwada na hancin, daƙiƙa 10 ya isa, sai ya rufe ido ya huta. Bargon kuma, Malam, a sa mai kauri a kan tabarma, ba zai zame ba.