Zauren Makaranta na Bauchi: wa ke da littafin da zai ba ni shawara?

Ummi Fadaman Mada: Assalamu alaikum 'yan zaure. An ba mu hutu, kuma wallahi idona ya gaji da waya. Don Allah a ba ni sunan littafin Hausa na takarda wanda zan riƙa kwanciya da shi bayan isha'i. Amma ban da na kishiya da boka, na ƙoshi.

Malam Garba Kobi: Wa alaikumus salam. Ummi, kin taɓa karanta Shaihu Umar?

Ummi Fadaman Mada: A'a Baba, suna dai nake ji. Ba na Tafawa Ɓalewa ba ne?

Malam Garba Kobi: Shi ne fa. Ga kabarinsa nan cikin gari, kullum ana sauke 'yan makaranta a motoci suna ɗaukar hoto, amma da wuya ki sami wanda ya buɗe littafin mutumin. Yana saurayi ya rubuta shi, sabon malami a Midil ta Bauchi, ya shigar da shi gasar rubuta littattafan Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933. Gasar nan ce ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, aka buga su a 1934. Labarin ma a ƙasarmu ya buɗe, a Rauta, inda Shaihu ke zaune da almajiransa suka tambaye shi asalinsa. Daga nan sai ya koma Kagara, ya ba su labarin mijin uwarsa Makau, yadda fadawa suka yi masa ƙulli wajen sarki har aka kore shi daga gari. Shi kuma Umar aka sace shi yana ƙarami, ya bi hannu-hannu har Kano, wani Balarabe Abdulkarim ya ƙetara Sahara da shi. Ni abin da ke riƙe ni a ciki ba Shaihun ba ne, uwar ce. Mace ta fito neman ɗanta, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Marubucin bai tsaya yi miki kuka ba, faɗa kawai yake yi a natse, ke ce za ki ajiye littafin ki yi shiru.

Maman Khalifa: Baba Garba a tsaya nan don Allah, kar a faɗa mata ƙarshe! Ummi, siriri ne, dare biyu ya ishe ki. An ma yi fim ɗinsa a 1976, Adamu Halilu ne ya shirya, amma fara da takardar.

Bala Azare: Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma kullum aka tambaya sai ku mayar da mu zamanin Turawa. Ni yanzu Ƙarshen Alewa Ƙasa ne a hannuna, na Bature Gagare, 1982. Mailoma, sojan da ya dawo daga yaƙin basasa ya zama abin tsoro. Ga makamai, ga ƙwaya, ga 'yan daba a daji. Wanda ya karanta shi yau zai rantse jiya aka rubuta. Sai dai ba na kwanciya barci ba ne, ƙanwata, kar ki ce ban faɗa ba.

Malam Garba Kobi: To Bala, 1982 ɗin jiya ce? An haife ka ma kuwa?

Bala Azare: Na bi, ranka ya daɗe.

Hajiya Ladi Jahun: Ni da Ummi nake. 'Yata, kin ce ban da na kishiya, na ji, amma ki cire Alhaki Kuykuyo Ne daga wannan hukunci. Balaraba Ramat Yakubu ba labarin turare da kwalliya ta rubuta ba. Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta tara, ita kuma ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Za ki ga lissafin kuɗin cefane, da kuɗin makaranta, da yadda dangi ke shiga magana su fita. Ba unguwar da babu irin Rabi. Har a Indiya an buga fassararsa ta Turanci a 2012, mu nan muna ta raina littattafan matan Kano.

Ummi Fadaman Mada: Na rubuta shi, Mama.

Sadiq Yelwa: Ba wanda zai ambaci waƙa? Ina bin waƙoƙin Sa'adu Zungur a hankali, musamman Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. Shi ma namu ne, ya rasu a 1958. Shawarata kar a karanta a zuci, a ɗaga murya, a nan ake jin karin.

Anti Rahila Gombe: Mutanen Bauchi an cika baki yau. Ga masu karanta Turanci, mu ma muna da Helon Habila, ɗan Kaltungo, wanda ya ci kyautar Caine ta gajeren labari a 2001. Na Hausa kuwa, ni Magana Jari Ce nake karanta wa yara, labari ɗaya kowane dare. Ƙaramar ba ta yarda a rufe sai ta ji abin da aku zai ce wa Musa.

Bala Azare: Akwai mai su a waya ya turo mana?

Shugaban Zaure: Bala, ka san doka. Ba a turo littafin da ake sayarwa a zauren nan, na tsohon marubuci ne ko na sabo. Ummi, leƙa wajen masu littattafan makaranta a Wunti, ki ce bugun kamfanin ɗab'i na NNPC Zariya kike nema. Ki duba shafuka kafin ki biya, wani bugun na jabu yakan zo da dishi-dishi.

Malam Garba Kobi: Ba sai ta saya ba tukuna. Ina da Shaihu Umar, bangon ya fita, na ɗinke shi da zare, amma ba shafin da ya ɓata. Ki aiko ƙaninki bayan la'asar. Sharaɗi ɗaya, ba a naɗe mini kunnen takarda, ki sa tsinke.

Ummi Fadaman Mada: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Zai zo gobe insha Allah.

Maman Khalifa: In ta gama ni ce a layi, Bala ya biyo baya.