Katunan Ty Cobb biyu, ja da kore: shin ɗaya jabu ne?

Ɗan Bukuru: Assalamu alaikum. Kawuna da ya yi karatu a Amurka ya bar mini akwatin tsofaffin katunan 'yan wasan besbol, kuma a ciki na tarar da ƙanana biyu masu hoton fuskar ɗan wasa Ty Cobb, bangon ɗaya ja, na ɗayan kore, da tallar sigari a bayansu. Shin wannan bambanci yana nufin ɗaya jabu ne?

Malamin Rayfield: Wa alaikumus salam. Launi kaɗai ba hujja ba ne. Bayaninka ya dace da jerin da masu tara kati ke kira T206, wanda kamfanin American Tobacco ya riƙa sakawa cikin kwalin sigari daga 1909 zuwa 1911, kati 524. Cobb ya fito da zane huɗu a jerin: mai jan bango, mai koren bango, wanda ya ɗora sandar buga ƙwallo a kafaɗa, da wanda ya ɗaga ta daga kafaɗa. Koren ya fi jan wuyar samu. Ka duba bayan da kyau, domin katuna masu tallar sigarin Piedmont da Sweet Caporal sun cika kasuwa, amma tallar sigarin Drum ko Uzit takan ninka darajar kati.

'Yar Wuse: Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ina ganin a fara tabbatar da shekarun katin kafin a shiga maganar daraja, saboda an sha sake buga wannan jeri. Ka sa gilashin ƙara girma a kan sunan da ke ƙasan hoton: a bugun asali tawadar harafin a haɗe take, a sabon bugu kuwa sau da yawa za ka ga ta watse zuwa ɗige-ɗige. Harafi guda ma yana da nauyi a nan, tunda katin ɗan wasa Sherry Magee da aka buga da kuskuren "Magie" yana cikin mafi tsada a jerin. Don Allah kada ka goge su, kada kuma ka datse gefensu da almakashi, domin kamfanin PSA, mai tantance kati da ba shi maki daga 1 zuwa 10, ba ya ba katin da aka datse maki.

Ɗan Bukuru: Na gode ƙwarai. Bayan duka biyun Piedmont ne. Harafin mai jan bango a haɗe yake, na koren kuwa ɗige-ɗige ne, don haka jan zan nemi a tantance.