Horas da ma'aikatan jinya kan abinci da rigakafin ciwon daji (kansa): da me za a fara?

Malama Jinya: Assalamu alaikum. Idan awa biyu kacal aka ware don wannan horo, me ya fi cancanta a koyar?

Likitan Hanji: Wa alaikumus salam, Malama. A fara da ma'anar alƙaluma, domin a nan ake yawan kuskure. A 2015 hukumar IARC, mai binciken kansa a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi a rukuni na 1, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, tare da taba sigari. Rukunin ƙarfin hujja yake nunawa, ba girman haɗari ba. Cin giram 50 na irin wannan nama kullum yana ƙara haɗarin kansar babban hanji da kusan kashi 18 cikin ɗari. Ma'aikacin da bai gane wannan ba, zai tsorata mara lafiya a banza. Jan nama dafaffe kuma kada ya wuce giram 500 a mako.

Masanin Abinci: Haka ne, Likita. A koya musu awon ƙugu da tef: tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin kwatangwalo, bayan an saki numfashi. Ƙiba tana da alaƙa da kansa iri 13. Motsa jiki minti 150 zuwa 300 a mako.

Mai Harhaɗa Magani: Kada a manta da ƙwayoyin ƙarin sinadarai. Yawan shan ƙwayoyin beta-karotin, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, ya ƙara kansar huhu a tsakanin masu shan taba, don haka kada a rubuta shi da sunan rigakafi.