Kitse a hantar mahaifiyata, gwaji ya ƙi sauka: ina neman shawara

Assalamu alaikum. Don Allah likitoci da duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan, ku taimaka mini.

Wata 8 ke nan da aka yi wa Hajiyarmu hoton ciki saboda nauyin da take ji a dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Aka ce kitse ne ya taru a hantarta. Hankalina ya tashi, don baiwar Allah ko kusa da giya ba ta taɓa zuwa ba. Likita ya ce irin wannan yana bin ƙiba, ciwon suga da yawan maiƙo a jini, kuma shekararta 6 da suga. An gwada ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a nan Afirka, da na C, duk babu.

Ya ce ta rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta. Ta daure ƙwarai: ta bar lemon kwalba, kullum bayan asuba tana zagaya tsakar gida minti 30 da carbinta a hannu. Daga kilo 88 ta dawo 83. Amma gwajin ALT, wato gwajin jini da ake duba lafiyar hanta da shi, yana nan inda yake, bai sauka ba.

Shin ragin ne bai kai ba, ko akwai abin da muka tsallake? Lokaci ya yi da za mu nemi hoton hanta da ake kira FibroScan a duba ko hantar ta fara tauri? Ƙanwarta kuma ta kawo wani jiƙo, na hana a sha, don wasu saiwoyin suna illata hanta. Yanzu ƙanwar tata fushi take yi da ni. Na yi daidai?