Tsakiyar furen Armeria na ruɓewa, me zan yi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawara kan furen da ake kira Armeria maritima. Bara na dasa shi a tukunya, ya yi curi kore shar, ganyensa sirara kamar ciyawa, ya fitar da furanni ruwan hoda dunƙule-dunƙule a saman dogayen kara. Bana kuwa tsakiyarsa ta koma ruwan ƙasa. Da na sa yatsa sai na ji ta yi laushi, har da warin ruɓa. Safe da yamma nake ba shi ruwa, taki ma ban taɓa hana shi ba. Wallahi ina son furen nan, ba na so ya mutu a hannuna.

Mai lambu:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kulawar ce ta yi masa yawa. Asalinsa tsiron bakin teku ne, a Turai da Arewacin Amurka, yana fitowa a tsagar duwatsu da yashin gaɓa, inda iska mai gishiri ke dukansa dare da rana. Ƙasar can ba ta da taki, ruwan sama na sauka ya tsiyaye nan take. Shi ya sa yake da doguwar saiwa mai ƙarfi da ke nutsawa neman danshi, ganyen kuma ya dunƙule ya kwanta don kada iska ta busar da shi. Idan ruwa ya kwanta a gindinsa, ta tsakiyar curin ruɓa take farawa, don can ne iska ba ta shiga. Ki daina taki gaba ɗaya. Ruwa kuma sai kin taɓa ƙasar kin ji ta bushe.

Wata 'yar'uwa:
Ni ma hakan ya same ni. Ki tumɓuke shi a hankali, ki yanke ruɓaɓɓen da wuƙa mai tsabta, ki raba gefen da ke kore gida uku ko huɗu, kowanne da saiwarsa. Ki cakuɗa ƙasa da yashi da tsakuwa, tukunyar ta zama mai huda a ƙasa, ki ajiye inda rana take wuni. Furen da ya bushe ki riƙa yanke karansa daga tushe, zai sake fitar da wasu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To tunda ɗan bakin teku ne, in riƙa zuba masa ruwan gishiri?

Mai lambu:
A'a, kada ki soma. Jure gishiri yake yi, ba buƙatarsa yake ba. Ganyensa na da ƙananan ƙofofi da ke fitar da gishirin da ya shige shi, kuma yana tsirowa har a kan tsaunuka nesa da teku. Ki ba shi ruwa zalla, kaɗan-kaɗan, har sababbin dashen su kama.