Wai ba mu gaji ƙawata gari ba?

Ɗan Agege: Jama'a, a yi haƙuri da ni. Tun 1991 mutum-mutumin sarakunan nan uku masu farar hula ke tarbar mai shiga Legas. Dakar na da mutum-mutumi mai tsayin mita 49. Mu Hausawa fa? Shatale-talenmu daga allon talla sai fastar 'yan takara. Ƙawata gari dai ba gadonmu ba ne.

Baba Magini: Yaro, ka taɓa taka birnin Zariya da ƙafa? Zanen da ke fuskar zaure, wa aka yi wa? Mai gida yana ciki, ba ya ganinsa. Mai wucewa aka yi wa. Ga dagi, ga zankwaye a saman soro, ga shafen makuba, har keke da agogo magina suka zana a bango. Ka leƙa unguwar Birni a Damagaram ma. Mu jikin gida muke yi wa ado, ba ma sassaƙa mutum.

Malama Uwani: Ƙanena, na Dakar ɗin ma ba lafiya lau ya tsaya ba. Limamai sun yi ta sukarsa kafin shugaban Senegal na lokacin, Abdoulaye Wade, ya buɗe shi a 2010, kuma wani kamfanin Koriya ta Arewa ne ya ƙera shi. Ina fasahar 'yan gari a nan? A Owerri kuwa aka kafa wa Jacob Zuma, shugaban Afirka ta Kudu na lokacin, nasa a 2017, 'yan watanni kaɗan ya sauka daga mulki.

Ɗan Agege: Na ji, Baba, Allah ya huci zuciyarka. To gida nawa suka rage? Damina ta ci wasu, magada sun rushe sauran sun zuba bulo da tayil. Abin da sai an yi cigiya kafin a gani ai ya zama tarihi.

Direban Gwaro: Ku duba bayan manyan motoci mana. Zaki, dawisu, karin magana. Namu adon yawo yake yi.

Baba Magini: Nan kam ka taɓa ni, yaro. Ginin ƙasa yana son shafe a kai a kai, masu biya sun ƙare, yarana duk sun koma kwaɓa siminti. Amma hannun bai mutu ba, kuma zanen yana hawa siminti. Gadojin sama nawa aka yi a Kano? A ba mu bangon guda ɗaya.

Malama Uwani: A ba ku, Baba, amma a fara hana manna fasta. In ba haka ba, kafin fenti ya bushe ɗan takarar kansila ya rufe dagin.