Muhawara: Majalisar da ba ta da wuƙa da nama, me za ta yi wa garin da ya ƙone?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Maganar Altadena, wani gari a jihar Kalifoniya ta Amurka, ce ta hana ni sakat. Ranar 7 ga Janairu 2025 gobarar dajin Eaton ta sauko daga duwatsu, iska mai ƙarfi da ake kira Santa Ana na kora ta, ta cinye gine-gine sama da 9,000, mutum 19 suka rasu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, garin nan mai mutum sama da 40,000 ba shi da magajin gari. Gundumar Los Angeles ce ke mulkinsa kai tsaye. Majalisar garin kuwa ta 'yan sa-kai ce, shawara kawai take bayarwa, ba ta yin doka, ba ta karɓar haraji. Ni matsayina ɗaya: irin wannan majalisa ba za ta iya tayar da garin da ya zama toka ba. Sai Altadena ta zama birni mai cin gashin kanta.

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Baban Ummi, ka yi sauri. A ranar nan dai unguwar Pacific Palisades ta ƙone, ita kuwa cikin birnin Los Angeles take, da magajin gari da komai. Paradise ma, wani gari a Kalifoniya, da ta ƙone a Nuwamban 2018 tana da zaɓaɓɓiyar majalisarta mai cikakken iko, mutum 85 suka mutu a gobarar. Wuta ba ta duba takardar kafa birni.

Baban Ummi: Malam, ban ce iko yana kashe wuta ba. Ina maganar wanda za a riƙe wa wuya ne bayan an yi sakaci. Dubi titin Lake a Altadena. Unguwannin gabashinsa sun samu umarnin ficewa tun da farkon dare. Na yammacinsa ba su samu ba sai bayan ƙarfe 3 na dare, alhali gidaje sun riga sun kama. Kusan duk waɗanda suka rasu a yamma suke, da yawansu tsofaffi. Kuma yammacin nan shi ne inda baƙaƙen fata suka samu damar mallakar gida tun zamanin da ake hana su saye a wasu unguwannin. To wa za su tuhuma? Majalisar gundumar mutum biyar ce ke kula da mutum kusan miliyan 10. Wakiliyarsu, Kathryn Barger, tana wakiltar kusan miliyan 2. Muryar mutum 40,000 a cikin miliyan 2, ina za ta kai?

Anti Rabi: Wannan batun titin Lake ya taɓa ni ƙwarai, Allah ya sani. Amma Yaya, ka rena aikin 'yan sa-kai. Na ga hotunan unguwannin: gida ya tafi ƙurmus, bututun hayaƙi na bulo kaɗai ke tsaye, ga ƙarfen gado a lanƙwashe cikin toka, a bakin filin kuma an kafa allo an rubuta cewa Altadena ba ta sayarwa ba ce. Wa ya kafa allunan nan? Ba gunduma ba. Maƙwabta ne. Mutumin da ya rasa komai, yana kwana a otal ko gidan 'yan uwa, abin da yake buƙata a makon farko shi ne wanda ya san sunansa, ya san tsohuwar da ke gida na uku ba ta iya cike takarda a intanet ba. Ɗan majalisar unguwa ya san wannan. Ma'aikacin da aka turo daga nesa bai sani ba.

Baban Ummi: Anti, na yarda da ke ɗari bisa ɗari a kan makon farko. Shekara ta biyu fa? Izinin gini a hannun gunduma yake. Kwashe baraguzai, hukumar kare muhalli ta tarayya da injiniyoyin sojan Amurka suka yi. Hana dillalai yi wa mutane tayin wulaƙanci a kan filayensu, umarnin gwamnan Kalifoniya, Newsom, ne. Nuna min abu ɗaya a ciki da majalisar garin ta sa wa hannu.

Injiniya: Bari in shigo ta wajen kuɗi, don a nan maganar Baban Ummi take da rauni. Birni a Kalifoniya yana rayuwa ne da harajin gidaje da na ciniki. Gidan da ya ƙone, ana rage ƙimarsa, harajinsa ya faɗi. Shagon da ya ƙone ba ya kawo komai. Ka ce a kafa birni yanzu, ka ɗora masa gyaran tituna da magudanan ruwa da biyan 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, da me zai biya? Kafin ma a kai ga ƙuri'a, akwai hukumar da sai ta gamsu cewa sabon birni zai iya riƙe kansa. Paradise da Malam ya ambata, kuɗin sulhun da kamfanin lantarki na PG&E ya biya ta a kan gobarar ne ya riƙe ta bayan mutanenta sun watse.

Baban Ummi: Injiniya, ka ba ni hujja da bakinka. Don me Paradise ta karɓi kuɗin a asusunta? Don tana da gwamnatin da za ta shigar da ƙara da sunan garin, ta kuma yanke yadda za a kashe shi. In an samu wani da laifi a gobarar Eaton, rabon hukuma asusun gunduma zai shiga, majalisar Altadena ta bi sahun masu roƙo.

Malam Garba: Wannan kam ka faɗi gaskiya, ban da ja. Sai dai akwai hanyar tsakiya. A Nuwamban 2024 masu zaɓe sun amince a faɗaɗa majalisar gundumar daga kujera 5 zuwa 9. Mazaɓa za ta ragu, murya ta ƙaru.

Anti Rabi: Malam, sai 2032 fa wannan zai fara aiki. Dattijon da inshorarsa ba ta kai kuɗin sake gini ba, ga haya yana biya, ga bashin gidan da ya ƙone yana binsa, ba zai jira har zuwa lokacin ba. Zai sayar ya tafi, kuma ba zai dawo ba. Shi ya sa har yanzu ina tare da majalisar unguwa, ita ce a ƙasa yau. Abin da nake so a ƙara mata shi ne haƙori: a wajabta wa gunduma kawo mata duk wani babban shirin gini kafin a amince, a kuma ba ta ma'aikata da ofis na dindindin.

Baban Ummi: To Anti, wa zai wajabta wa gundumar? Ita ce za ta rubuta dokar da za ta ɗaure kanta, kuma ita ce za ta iya warware ta ranar da ta ga dama. Injiniya, in kana da lissafin abin da garin ke tarawa na haraji kafin gobarar, kawo mana mu gani, daga nan za mu san ko maganata mai yiwuwa ce.